Ranar da Na Kai Mai Korar Tsuntsaye Kallon Tsuntsaye

Shekara talatin da ɗaya Babanmu ya yi yana aiki a filin jirgin sama, amma bai taɓa shiga jirgi ba sai da ya tsufa har ya daina gane 'ya'yansa. Muna yara, idan aka tambaye mu aikin ubanmu a makaranta, sai mu ce, "A filin jirgi yake," mu ja bakinmu mu tsuke, mu bar mutum ya ɗauka ko matuƙi ne. Gaskiyar magana ita ce korar tsuntsaye yake yi. Kafin jirgi ya sauka ko ya tashi, Baba ne ke bin gefen titin jirgin yana tabbatar da babu tsuntsun da zai faɗa cikin inji.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai wasu katakai biyu masu faɗin tafin hannu, idan ya gwara su sai ka rantse bindiga aka harba. Akwai usur, akwai gwangwanin madara cike da tsakuwa, sai kuma oba-oba da yake magana da mutanen hasumiya, masu ba jirgi izinin sauka. Daga baya an kawo musu mota mai lasifika da ke kukan shaho. Baba ya dawo gida yana dariya har da riƙe ciki, ya ce kwana uku kacal hankaka ya yi ya gano ƙarya ce, yanzu a kan lasifikar ma yake zama ya huta.

Abokan aikinsa Sarkin Kora suke ce masa, shi kuwa ba ya son sunan. Cewa yake kora kowa ya iya, ko akuya ta iya. Aikin shi ne ka san inda tsuntsu zai nufa idan ya tashi. Sai ka tsaya tsakaninsa da titin jirgi, ka juya wa titin baya, sannan ka buga. In ka tsaya ta ɗaya gefen ka tura su gaban jirgi, to ka kashe mutane da hannunka. Ya san balbela na bin masu yankan ciyawa. Ya san kashegarin ruwan fari shamuwa za su cika filin. Ya san zakaran ƙeƙuwa mai taurin kai ne, a cikin tsakuwar gefen titi yake ƙwai, kuma ko za ka kwana kana ihu ba zai gusa ba. Irin waɗannan ƙwayayen Baba kan kwashe su a hularsa ya kai can bayan shinge, yana tafe uwar na bin kansa da zagi. Bai tsani tsuntsaye ba ko kaɗan. Ni ma da sunan tsuntsu yake kirana, Tsattsewa, wai don ba na zama wuri ɗaya kuma bakina ba ya hutawa.

Akwai abu ɗaya da na riƙe shi da shi, kuma gara in faɗa tun yanzu. Na yi shekara huɗu a ƙasar waje ina karatun haɗa magunguna. Ranar da na dawo, Inna ta zo tarya ta, Yaya ya zo, har maƙwabciyarmu da ba ma ga maciji da ita ta zo. Baba, wanda a filin yake aiki, wanda taku ɗari biyu zai yi ya iso ƙofar fitowa, bai zo ba. Sai bayan la'asar ya shigo gida, ƙafar wandonsa duk ƙaya da 'ya'yan ciyawa, ya ce, "Tsattsewa, an dawo? Sannu da hanya." Na ce ban gan shi a fili ba. Ya ce, "Ina bakin aiki." Bayan kwana biyu Inna ta suɓutar da baki, ashe ranar ma ranar hutunsa ce. Ban sake tayar da maganar ba, amma shekara goma sha tara ina ɗauke da ita. Ni ba na mantuwa. Ban ce hali ne mai kyau ba, halina ne dai.

Shi kuwa mantuwa ta zo masa gaba ɗaya. Bayan rasuwar Inna ta fara, da kaɗan-kaɗan. Ya sa takalminsa a firji. Ya fita sayen sabulu aka tsinto shi a tashar mota. Wata safiya na kai masa shayi, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Malama." Na ɗauka zolaya ce, don Baba akwai tsokana. Na tsaya ina jiran ya yi dariya, bai yi ba. Tun daga ranar na zama Malama.

Yaya ya ce tsufa ne, a yi haƙuri a kula da shi. Ni kuwa da ilimina da taurin kaina na ce ban yarda ba. Na yi ta bincike har na samo wani likitan ƙwaƙwalwa a wata ƙasa, na ɗauki hutu, na ɗauki Baba muka tafi. Abin da nake so bai wuce ɗaya ba: ya dube ni ya ce Tsattsewa, ko sau ɗaya ne. Da muka shiga jirgi na ba shi kujerar taga, ina tsammanin zai ji tsoro. Sai ya manna goshi a gilashi, ya ce, "Sun yanke ciyawar nan ta yi gajarta da yawa. Wa ya sa su?"

Likitan mutumin kirki ne, bai ja mu da nisa ba. Ya kunna mini hotunan kan Baba, yana nuna wurare da bakin biro. Na gane abin da nake gani tun kafin ya buɗe baki, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya ce akwai maganin da zai rage saurin abin, amma wanda ya tafi ya tafi. Baba na zaune a gefe yana ninke takardar awo gida-gida. Saura kwana huɗu jirginmu na komawa. Wata nas da ta ga na tsaya a baranda na rasa inda zan sa kaina ta ce akwai wani masauki a bakin tafki, tafiyar awa biyu, inda mutane ke zuwa kallon tsuntsaye, wuri ne shiru, tsofaffi na jin daɗinsa.

Nan take dabara ta faɗo mini. Na ce ai mutumin nan ya manta mu ne, bai manta tsuntsaye ba. In ya ga tsuntsaye zai kira sunayensu, in ya kira sunayensu zai zo kan tsattsewa, in ya zo kan tsattsewa zai waiwayo ya gan ni. Har daɗi na ji don wayona. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa mai korar tsuntsaye zan kai cikin masu lallaɓa tsuntsaye.

Masaukin tantuna ne guda goma sha biyu, kowanne a kan dakalin katako, da gado biyu da fitila da butar dafa ruwa. A bakin ƙofa an kafa allo da dokoki: ba a ɗaga murya, ba a sa kaya masu ƙyalli, a kashe ƙarar waya. Kowa raɗa yake yi kamar an yi rasuwa. Daga gaban tantunan akwai wata doguwar gadar katako, miƙaƙƙiya sak, ta ratsa cikin ciyawar ruwa har zuwa wata rumfa mai ƙananan tagogi, inda ake ɓuya a leƙa tsuntsaye. Da Baba ya ga gadar ya daɗe yana kallonta daga wannan kai zuwa wancan. Na ga ya kalla, ban kawo komai ba.

Yammacin farko ya yi kyau, har na fara yabon kaina. Muka zauna a benci a bakin ruwa, wani ya ara wa Baba madubin hangen nesa, ya juya shi ya mayar, ya ce idonsa ya ishe shi. Ya shiga kiran suna: ga zalɓe can ya tsaya da ƙafa ɗaya, ga kirinjijiya, ga dinya, waɗancan fararen masu jakar wuya kwasakwasa ne. Ina fassara wa na kusa da mu. Ya nuna wani zalɓe ya ce yanzu zai tashi ya bi hagu, bai rufe baki ba ya tashi ya bi hagu. Mutane suka fara matsowa. Cikinsu akwai wani dattijo mai kyamara mai dogon baki, da ƙafafu uku take tsayawa. Ya gaya mini shekara biyar ke nan yana zuwa a wannan makon, don ya ɗauki hoton garken gauraki lokacin da suke sauka da sassafe, kuma bai taɓa dacewa ba. Ya ce bana an ce sun iso.

Can sai ga su, ƙanana baƙaƙe, suna yankar iska a saman ruwa. Na taɓa hannun Baba.

"Baba, waɗancan fa? Mene ne sunansu?"

"Tsattsewa ce," in ji shi. "Ba ta da nauyi, ba ta cika ɓarna ba."

Na jira. Na matso da fuskata har ina jin kunyar kaina. Ya juyo ya dube ni da fara'arsa.

"Malama, ke ma a nan kike aiki?"

Na ce e, a nan nake aiki. Na tashi na shiga tanti kamar zan ɗauko wani abu.

Kashegari da sassafe muka bi sahun mutane zuwa rumfar. Mu goma sha ɗaya ne a ciki, kowa ya sa ido a taga, ba ka jin komai sai numfashi. Dattijon nan ya kafa kyamararsa tun kafin mu zo. Gari ya fara haske, sai muka ji kukansu daga nesa. Gauraki ne, sun fi ɗari biyu, suka yi kewaye biyu suka fara sauka a tsibirin laka da ke dab da gadar. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, har na manta da abin da ya kawo ni. A daidai lokacin wani ƙaramin jirgi ya gifta can sama, ƙararsa ma da ƙyar ake ji.

Ban ga fitar Baba ba. Ƙarar kawai na ji, tau! tau! tau! Na leƙa, ga shi a tsakiyar gada ba takalmi a ƙafa, ya riƙe su a hannu yana gwara su. Mutumin da sai na riƙe shi yake hawa matakala, ga shi yana sassarfa. Ya sauka daga gadar ya shiga laka har ƙwauri, ya juya wa gadar baya, ya tsaya tsakaninta da tsuntsayen, daidai yadda ya sha gaya mana. Yana bugawa yana ihu, "Kai! Kai! Ku tashi!" Suka tashi gaba ɗaya, da gaurakin da dinyar da duk wani mai fiffike a wannan gefen tafkin, kuma ko ɗaya bai bi ta kan gadar ba. Aiki ya yi kyau, ba a magana.

Wata mata ta yi ta faɗa da harshen da ban sani ba, amma na gane. Dattijon kuwa ya sauke hannu daga kyamararsa. Ya tsaya yana kallon sama har suka ɓace, sannan ya naɗe ƙafafun kyamararsa ɗaya bayan ɗaya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na shiga lakar na kamo Baba, yana haki, fuskarsa cike da murna.

"Malama, ki gaya wa hasumiya hanya ta yi fes."

Mai masaukin mace ce mai sanyin murya. Ta kawo mana tawul da ruwan zafi da kanta, ta saurari bayanina har ƙarshe, ta ce ita ma ta yi jinyar uwa. Sannan ta ce mutanen nan daga nesa suka zo, kuma tsuntsun da aka firgita yakan yi kwanaki bai dawo ba. Ko dai Baba ya zauna cikin tanti safe da yamma, lokacin saukar tsuntsaye, ko kuma ta nemo mana mota. Gaskiyarta ce. Na roƙi kwana ɗaya, don motar sai gobe.

Na kira Yaya ina neman wanda zan sauke wa. Ya ce, "Ai na gaya miki." Na ce ban kira shi don ya gaya mini ya gaya mini ba, na kashe wayar. Na wanke wa Baba ƙafa, na sauya masa wando, na ɓoye takalman a ƙarƙashin katifata. Ni da na ɗauko shi don in dawo da shi cikin mutane, ga ni ina gadinsa kamar ɓarawo.

Da la'asar ta yi, haske ya fara ja, sai ya fara. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba jaka, ya ɗaga buta. Na ja zif ɗin ƙofar tantin na zauna a bakinta a kan kujera. Ta ragar taga ana hango tsuntsaye na dawowa jefi-jefi.

"Malama, ba ki ga katakaina ba?"

"Baba, ka zauna ka sha shayi. Yau ba aiki."

"Na sani," in ji shi. "Na san yau hutuna ne. Ki dai ba ni hanya."

"To in hutunka ne, ina za ka?"

Ya tsaya a gabana yana murza hannu. Baba dogo ne, kansa na taɓa rufin tantin. Ban taɓa ganin ya roƙi kowa ba a rayuwata, sai ranar.

"Don Allah, Malama. Wanda ke kan aiki yau mutumin kirki ne, amma ba ya duba bayan kwalbati. Jiya an yi ruwa, shamuwa sun cika wajen. Jirgin ƙarfe huɗu ya kusa."

"Akwai masu yi, Baba. Ba kai kaɗai ba ne."

"Ba ki gane ba." Ya rage murya kamar mai faɗin asiri. "'Yata ce a ciki. Shekara huɗu ba ta nan, karatu ta je."

Na riƙe ƙafar kujera.

"To ba sai ka je ƙofa ka tarye ta ba? Za ta duba ba ta gan ka ba."

"Masu tarya sun yi yawa. Uwarta na can, wanta na can. Nan fa, wa zai tsaya?" Sai ya yi 'yar dariya. "Za ta ji haushi kam, na san hali. Akwai fushi. Tsattsewa nake ce mata. Ba komai, ta dai sauka lafiya, sai ta yi fushinta a ƙasa."

Shekara goma sha tara. Sau nawa na zauna kusa da mutumin nan lokacin da hankalinsa ke jikinsa, tambaya ɗaya ce tsakanina da wannan amsar, girman kai ya hana ni. Yanzu ga amsar ta zo, ba kuma wanda zan ba haƙuri. Na miƙe na kama hannayensa biyu, ina kuka ba ko kunya.

"Baba, ni ce. Ni ce Tsattsewa. Na sauka tuntuni. Dube ni."

Ya dube ni sosai, har na ga kamar wani abu na motsi a idonsa. Ya zare hannunsa ɗaya ya dafa kafaɗata.

"Allah sarki, Malama. Ke ma naki na ciki? Kada ki damu, in dai kin bar ni na fita, ba abin da zai same su."

Na ɗaga katifa na ba shi takalmansa. Ban kai shi wajen gada ba. Na zagaya da shi ta bayan kicin zuwa inda ake ajiye motoci, wani fili mai tsakuwa da ba mai kallon komai a cikinsa. Hankaki uku ne a kan bolar shara, da wata balbela guda. Ya auna wurin da ido, ya gyara tsayuwa, ya gwara takalman. Hannunsa ya gaji tun safe, ƙarar ba ta kai ko'ina ba. Hankakin suka yi tsalle suka koma kan shinge, balbelar ma ba ta ɗaga kai ba. Ya ci gaba da bugawa yana duban sama, gumi na bin wuyansa, na ga ba zai daina ba sai ya faɗi.

Sai na ciro wayata, na kara a baki kamar oba-oba, na juya gefe.

"Sarkin Kora, Sarkin Kora, hasumiya ce. Jirgin ƙarfe huɗu ya sauka lafiya. Kowa lafiya."

Ya sauke hannu. Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya samu wani dutse ya zauna, ya ɗora takalman a cinya, yana murmushi shi kaɗai. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ce a raina ko yanzu zai ce bari ya je gida ya ga 'yarsa, in ce masa ga ta. Aka yi kamar minti goma a haka. Wani hankaka ya dawo kan bolar. Baba ya gan shi, ya dubi sama, ya miƙe da sauri.

"Malama, ƙarfe nawa? 'Yata na cikin jirgin ƙarfe huɗu."

Na sake ɗaga wayar. Sau shida jirgina ya sauka lafiya a yammacin nan kafin rana ta faɗi, sau shida Baba ya gode wa Allah, ni kuwa ina tsaye a gefensa riƙe da waya, bai san na iso ba.